Mita Goma Don Gratien

Ƙwallon ta daki igiyar shanyata, zanin gadon da na rataya ya karkaɗa, sannan ta gangaro ta ɓangarena ta faɗa cikin kabeji. Agwagina suka watse suna kuka kamar yau suka fara ganin abin.

"Alƙaliya!" Gratien ya ƙwala kira daga farfajiyarsa. "Me kike jira? Ɗaga tsumman mana!"

Na ɗaga tsumman goge kwanuka sama, domin ta wuce.

"Ta wuce," na ce. "Amma ta taɓa igiya. Haka zan gaya wa 'yarka Régine ranar Lahadi."

"Ta taɓa ko ba ta taɓa ba, maki uku ne. Je ki duba littafinki."

"Na duba. Zan ce mata ta wuce, zan kuma ce mata ta taɓa."

Ya yi tsaki ya juya. A nan na ga abin da ya fi taɓa igiya muni. Ya kai hannu ya dafa bakin rijiya, ya tsaya yana jan numfashi da baki a buɗe, kansa a sunkuye. Da ya lura ina kallonsa sai ya yi kamar yana leƙen ruwa.

"Ruwan ya ja baya bana," ya ce.

"Ya ja," na ce. Na shiga cikin kabeji na ɗauko ƙwallon, na wurga masa ta saman shinge yadda nake yi kowace safiya tun ina amarya.

Sunana Noélie. Na shigo gidan da ke jikin na Gratien Lahitte ina da shekara ashirin da ɗaya, kuma a nan na binne mijina Armand. Makaranta na bar ta ina da shekara sha huɗu domin kiwon agwagi, abin da na sani bayan haka ni na karanta wa kaina. Ba na yin ƙarya. Ba na yin ta don a so ni, ba na yin ta don a ji daɗi, kuma na san saboda haka ne ba a cika gayyata ta cin abinci ba a ƙauyen nan. Ban damu ba.

Zari-ruga kuwa, wasan da ake yi da irin ƙwallon nan tasa, ban taɓa son ta ba. Maza talatin su fito daga coci ranar Lahadi, su je fili su farfasa wa juna hanci, sannan su zauna tebur ɗaya su sha giya suna waƙa har matansu su zo su janye su. Wannan ba tarbiyya ba ce, na kuma faɗa wa fadan cocinmu da kansa. Amma abin da yake gaskiya gaskiya ne: Allah ya ba Gratien ƙafa.

Yana ɗan shekara sha bakwai yana noman masara da ubansa ya fara buga wa ƙauye. Mai tsaron baya ne, kuma duk bugun da za a yi zuwa sanduna nasa ne, wato dogayen sanduna biyu masu wata a gicciye a tsakaninsu, wadda in ƙwallo ta tsallake ta an ci maki. A zamaninsa ba a kawo wa mutum ɗan roba ya ɗora ƙwallo a kai. Da diddige yake haƙa ƙasa, ya tsayar da ƙwallon a ramin, ya tsinki ciyawa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa, ya goge bakin takalminsa a bayan safa, ya ja baya a miƙe, ya zo ya dake ta da yatsu. Takalmin dama wani baduku ne ya yi masa baki mai faɗi kamar guduma. Babbar ƙungiyar birni ta ɗauke shi, daga can aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Sau goma sha ɗaya ya sa shuɗiyar riga mai zakara a ƙirji. Surukina ya sha ba ni labarin ranar da duk ƙauyen ya cunkusu a shagon shan kofi ana sauraron rediyo, ana ruwa a Cardiff inda ake wasan, Gratien ya daki ƙwallo mai nauyin laka daga tsakiyar fili ta wuce. Mai shagon ya rungume mutumin da ya yi shekara bai gaishe shi ba.

Sai aka je Dublin. Iska ta kwashe masa bugu biyu ta kai su gefe, aka sha kashi. Bayan haka masu zaɓen 'yan wasa suka zauna cin abincin rana a Paris, manya masu kwat da tumbi, suka fitar da sabon jerin sunaye. Ba wanda ya kira shi. A jaridar da mai kifi ya naɗe masa kifi a kasuwa ya ga ba sunansa. Ya ninke jaridar, ya kai kifin gida, ya koma gona. Ya ƙara shekaru yana buga wa ƙauye har gwiwa ta ce ya isa.

Ni ina ganin bai dace namiji ya rayu yana lasar abin da ya yi yana saurayi ba, kuma na gaya masa. Amma Gratien ba mai surutun da ba ne. Rigunan suna cikin akwati, ban taɓa ganin ya fito da su ba. Abu ɗaya ne bai bari ba. A kan iyakar gidajenmu akwai dogayen bishiyoyi biyu da surukina ya dasa, sun miƙe sambal, ni kuma a tsakaninsu na ɗaure igiyar shanya, ina tokare ta sama da doguwar sanda mai baki biyu don kada zannuwa su ja ƙasa. Kowace safiya, bayan kofi, Gratien zai je gindin ɓaurensa, nisan bai kai mita talatin ba, ya haƙa rami da diddige, ya buga sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Ƙwallon ta tsallaka igiya ta sauka cikin kabejina. Na yi faɗa, na kai ƙara wurin matarsa Colette tana da rai, na taɓa riƙe ƙwallon mako guda. Ya sayo wata.

A ƙarshen hunturun bara ne ya faɗi a ɗakin girki. Ciwon zuciya. 'Yarsa Régine, wadda ke aiki a kantin magani a Bordeaux, ta zo ziyara ta same shi a ƙasa tun safe har tsakar rana, bai iya kai hannu ga waya ba. Da aka sallamo shi daga asibiti na kai masa romon kabeji da cinyar agwagwa, na tarar da su a tebur ba mai kallon wani.

"Tanti Noélie, zauna ki zama shaida," Régine ta ce. Tun tana yarinya haka take kira na. "Na yi magana da likita. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ni, da lambu, da masu jinya dare da rana. Mun yanke shawara."

"Kun yanke," Gratien ya ce. "Ke da shi. Da abincin rana ko babu?"

"Baba, kada ka fara."

"An taɓa cire ni a ɗakin cin abinci, 'yar nan. Na gani a takardar kifi. Ba za a sake ba. In za a cire ni daga gidan nan, a fili za a cire ni, ina tsaye, kowa na gani."

"Wane fili kuma?"

Ya nuna taga da cokali. "Ga shi can. Kullum ina bugawa. In ta kauce gefe, laifin iska ne, ba ruwanki. Ranar da ta gaza, ta faɗi a gaban igiya, laifin ƙafa ne. Ran nan ki zo da motarki, ni da kaina zan ɗauki akwatina."

"Kuma wa zai gaya mini ta gaza? Kai? Ko abokinka Firmin, da zai rantse ya ga ta wuce yana kwance a gadonsa?"

Su biyun suka juyo suka kalle ni.

"Ita wannan," Gratien ya ce, "ko uwarta ce ta buga, za ta ce ta gaza."

"Uwata ba ta da lokacin shirme," na ce. "Amma na yarda. Da sharaɗi. In ni ce alƙali, da doka zan yi, ba da son rai ba. Kuma dokar ta hau kan ku biyun."

Régine ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta miƙa wa ubanta hannu. Tana zaton wata ɗaya ne abin zai yi. Ya zuba jar giya a sauran romonsa, ya kafa kai ya shanye, duk da likita ya hana.

Washegari na shiga mota zuwa birni na sayo littafin dokokin wasan. Ba na hukunci da jahilci. Na karanta shi daga farko har ƙarshe, na ga ashe masu fasa hancin nan suna da doka ɗaya da ta fi ta majalisa hankali: alƙali ya yanke hukunci, ka buɗe baki ka yi masa gardama, sai ya ɗaga hannu ya matsar da bugun mita goma gaba, abokin hamayyarka ya ƙara kusantar sanduna. Ka sake magana, ya sake matsarwa. Da haka ake yi a gidajen aure da an huta.

Gratien ne ya fara ɗanɗana ta. A cikin bazara wata safiya ƙwallon ta bi ta wajen bishiyar hagu, na bar tsumman a ƙasa.

"Ta ciki ta bi!" ya yi ihu. "Makauniya!"

"Me ka ce?"

"Na ce ki sayi tabarau!"

"Gobe ka ja baya mita goma," na ce. "Doka cewa ta yi a ba abokin hamayya bugun, amma tana Bordeaux. Don haka kai za ka matsa."

Washegari ya buga bayansa na gogar bangon rumbu. Ta wuce, da tazara ma. Ya cire baƙar hularsa ya rusuna mini kamar ɗan wasan kwaikwayo. Daga ranar bai sake ce mini makauniya ba. Na gaya wa Régine labarin a waya, ta yi dariya har ta sarƙe.

Haka muka ci bazara da rani. Kowace Lahadi bayan coci Régine ta kira, na ba ta rahoton mako. Amma da masara ta fara bushewa sai na ga ƙwallon ta daina hawa. Da can tana wuce igiya da tsayin mutum biyu. Ta dawo tsayin mutum, ta dawo kamu ɗaya. Ƙafafunsa suka kumbura har ya daina ɗaure igiyar takalmin. Sai ga ranar da ta taɓa.

Da yammacin ranar Firmin ya zo gidana. Shi ne tsohon ɗan gaban ƙungiyar ƙauye, wuyansa ya fi kansa kauri, kunnuwansa sun murɗe saboda turereniyar shekaru. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula a hannu, warin barasa na gabansa.

"Madam Noélie, sandar nan da kike tokare igiya da ita."

"Me ta yi?"

"Ta tsufa. Ina da wata a gida, mai kyau, itacen kirki. Ta ɗan fi wannan gajarta, kaɗan dai. Haka." Ya nuna da tafin hannu.

"Firmin, ka zo gidana ka ce in yi sata?"

"Wace sata? Sanda ce!"

"Régine ta amince da ni. Shi ma ya amince da ni. In na rage igiyar, na cuci ita, na kuma mai da shi yaro. Kana zaton mutumin da ya yi shekara sittin yana kallon sandar tsakiya ba zai gane ta sauko ba?"

"Zai mutu a can, Noélie. Cikin mutanen da ba su san ko wane ne shi ba. Za su riƙa ce masa kaka, su ba shi miya da cokalin roba."

"Na sani."

"Ke ba ki da zuciya."

"Ina da ita. Ba na auna igiya da ita ne kawai. Sai da safe."

Ranar Lahadi na gaya wa Régine duka: ƙwallon ta taɓa igiya, ya dafa rijiya, ba ya ɗaure takalmi.

"Amma ba ta gaza ba," na ce.

"Na ji, Tanti. Ina zuwa Asabar. Sun riƙe mini ɗaki a gidan tsofaffin."

Kada kowa ya ce mini Régine muguwa ce. Na san 'ya'yan da ke kai iyayensu irin gidajen nan kamar yadda ake kai tsohuwar kujera rumbu, kuma ina da abin da zan ce a kansu. Ita ba ta cikinsu. Ita ce ta ɗaga shi daga ƙasan ɗakin girki, kuma tun ranar duk wayar da ta yi ƙara a kantinsu sai gabanta ya faɗi.

Asabar ta zo da iska daga teku, an kwana ana yayyafi. Lokacin wucewar kurciyoyin daji ne, rabin mazan ƙauye suna dawa da bindigogi, don haka ba 'yan kallo. Motar Régine na tsaye a ƙofar gida, an buɗe bayanta. Na shiga ta ƙaramar ƙofar shinge da tsummana a kafaɗa, na same su a gindin ɓaure. Firmin ma yana nan, ya yi aski, ya sa rigar zuwa coci.

Gratien ya fito a hankali, ƙwallon a hammata. Fuskarsa ta yi fari fat, leɓɓansa sun yi duhu. Ya aske gemu, ya taje gashi. A bakin ƙofa na hango akwatinsa a tsaye, a rufe. Shi da kansa ya haɗa kayan.

"Barka da asuba, Alƙaliya. Yau da abokan hamayya a fili."

"Barka, Monsieur Lahitte. Lokaci na tafiya."

Ya daki ƙasa da diddige. Ramin bai yi zurfi ba. Ya sunkuya da kyar ya tsayar da ƙwallon, ya ja baya, iska ta kayar da ita. Ya dawo ya sake tsayarwa, ta sake faɗuwa. Wannan karon da ya ɗago sai da ya riƙe reshen ɓaure.

"Doka ta yarda wani ya riƙe masa," na ce.

Firmin bai jira ba. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya kwanta ruf da ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa da rigar cocinsa, ya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙwallon.

"In ka harbe mini yatsa, tsohon banza, sai na gaya wa Colette in na riske ta."

"Rufe baki ka miƙar da ita. Shekara hamsin ba ka koyi riƙe ƙwallo ba."

Na dubi nisan, na dubi ƙafarsa. Ban yi shekaru ina tsince ƙwallon nan a banza ba. Na san ba za ta kai ba. Shi ma ya sani. Ya tsinki ciyawa ya watsa duk da haka, ya bi ta da ido.

A nan Régine ta fashe.

"Ya isa! Wannan hauka ne! Dubi bakinsa, Tanti, dubi yadda yake numfashi! Ba sai ya buga ba, kowa na gani. Tsayar da abin nan!"

"Yarjejeniya ta ce sai ta gaza," na ce. "Bai buga ba tukuna. Koma baya."

"Wace yarjejeniya? Ke ce kika ɗaure masa gindi! Da ba ki tsaya kullum da tsummanki kina wasan yara ba, da tuni yana inda za a kula da shi. In ya faɗi a nan ke kika kashe shi!"

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ba don zafinta na yi abin da na yi ba. Da Gratien ne ya faɗe ta, da shi ma ya ja baya. Na ɗaga hannuna sama, na ce, "Gardama da alƙali. Mita goma." Na taka su manya-manya zuwa wajen bishiyoyi, na tsaya, na nuna ƙasa da yatsa.

"Me?" in ji Régine.

"Na gaya muku dokar ta hau kan ku biyun."

Firmin ya ɗago kai daga ciyawa, bakinsa a buɗe. Sai ya fara dariya, ya rarrafo da ƙwallon kamar ƙaton jariri. Gratien bai yi dariya ba. Ya tako a hankali har sabon wurin, ya tsaya yana haki. Tafiyar kaɗai ta cinye abin da ya rage masa. Ya ɗaga diddige zai haƙa rami, ƙafar ta dawo ƙasa ba ta bar ko alama ba.

Régine tana tsaye inda muka bar ta, hannuwanta a naɗe. A bakin fili ta girma. Tun tana goye ake kai ta kallon wasa, ta san nisan bugu kamar yadda na san nauyin agwagwa. Na ga ta dubi igiyar, ta dubi ƙwallon, ta auna da ido. Ta dubi akwatin da ke bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon bayan ubanta, yadda ya miƙar da kafaɗu yana ƙoƙarin kada a ga yana rawa.

Sai ta saki hannuwanta, ta zagaye bakinta da su, ta ja numfashi.

"Alƙaliyar banza!" ta ƙwala, da muryar da ban ji ta yi ba tun tana 'yar makaranta. "Makauniya! Wa ya ba ki aikin nan? Koma wurin agwaginki!"

Hawaye na zuba a fuskarta, amma ba ta rage murya ba.

Ni alƙali ce. Ba aikina ba ne in binciki abin da ke zuciyar mai zagi. An zage ni a fili, kowa ya ji. Na ɗaga hannu. "Mita goma."

Na taka. Firmin ya biyo ni yana nishi, rigarsa ta zama laka. Régine ta zo ta kama hannun ubanta, ya bar ta ta kama, suka tako tare. Da suka iso ta sake buɗe baki.

"An saye ki! Nawa suka..."

"Ke, ya isa!" Gratien ya ce. "In kin kai ni gindin bishiya ta ina zan ɗaga ta? Uwarki ma haka take, ba ta san inda ake tsayawa ba."

Ta sake shi ta ja gefe. Na bi ta ƙarƙashin igiya na koma wurina cikin kabeji.

"Kwantar da ita baya kaɗan," ya ce wa Firmin. "Kaɗan na ce, jaki. Haka."

Ya goge bakin takalmin a bayan safa. Ya ja baya, bai yi nisa ba. Ya sunkuyar da kai, kuma bai ɗago ya dubi igiya ba ko sau ɗaya. Na ji ƙarar, irin wadda na saba ji, gajeriya, mai tauri. Ƙwallon ta tashi tana juyi a hankali, ta bi tsakiyar bishiyoyin, ta wuce igiya ba ta taɓa ba, ta sauka kusa da ƙafata.

Na ɗaga tsumman har inda hannuna ya kai.

"Maki uku," Gratien ya ce. Ya juya wajen 'yarsa. "Bakinki bai da kyau, 'yar nan. Wa ya koya miki?"

"Kai."

"Je ki ba Alƙaliya haƙuri."

"Ba na so," na ce daga cikin kabeji. "An riga an biya."

Régine ta je motarta. Ta ciro jakarta ta kafaɗa, ta rufe bayan motar, ta ɗauki akwatin ubanta daga bakin ƙofa ta shige da su biyun cikin gida. Ni da Firmin muka shigar da Gratien, ko in ce Firmin ya ɗauke shi ni ina riƙe da ƙofa.

Bai sake saukowa farfajiya ba. Régine ta kira kantinsu ta ɗauki hutu, ta kira gidan tsofaffin ta ce a ba wani ɗakin. Muka jawo gadonsa gaban taga. Mai jinya na zuwa safe da yamma. Ina kai romo, yana shan cokali biyu ya ce gishiri ya yi kaɗan. Wata rana ya tambaye ni ko rashin bugawa gazawa ce.

"Na duba," na ce. "Ƙwallon da ba a buga ba ba ta gaza ba."

"To ina cikin 'yan wasa ke nan."

"Kana ciki."

Ya rasu da hantsin wata Laraba, taga a buɗe, Régine na yanke masa farce. Ta ce yana kallon garken kurciyoyi na wucewa saman bishiyoyin, yana gaya mata iska ta juya kudu, sai ya yi shiru.

Tsofaffin 'yan wasa shida ne suka ɗauki akwatin gawar zuwa coci, Firmin a gaba. Régine ta shimfiɗa shuɗiyar riga ɗaya a kai, ranar na fara ganin ta. Ta koɗe, kuma ta fi ƙanƙanta da yadda nake zato. Bayan an binne shi suka tafi shagon kofi suka sha suka yi waƙa. Ban je ba. Na dawo gida domin agwagi ba su san da jana'iza ba.

Ƙwallon tana nan inda ta sauka. Ranar da ya buga hannuwana na riƙe da ƙofa, ban wurga masa ba, bayan haka kuma bai tambaya ba. Ganyen kabeji ya rufe rabinta, agwagi na kewaye ta su wuce. Na cire shanya, na bar sandar a tokare. Ta saman shinge ina hango gindin ɓaure, inda diddigensa ya yi shekaru yana cin ƙasa. Ruwan sama ya cika ramin, wani ɗan tsuntsu na tsaye a baki yana sha.